Babi na Bakwai: Wuni Guda a Kwale-kwale a Bakin Kogin Salum

Duk wanda ya taɓa zuwa ziyara Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyass a ƙasar Senegal, ya ga wani faffaɗan ruwa shimfiɗe a gefen gari, ga tsibin gishiri fari fat a bakinsa. Baƙo yakan tambaya, wannan kogi ne ko teku? In kogi ne, me ya hana a sha ruwansa, ko a yi noman rani a gaɓarsa? Idan kuma aka gaya masa cewa can gaba, inda ruwan ya nufi teku, mutane na tasowa daga ƙasashe masu nisa su biya kuɗi a zaga da su cikin kwale-kwale, sai ya sake jefo wata tambayar: me ake zuwa gani a cikin laka da ruwan gishiri?

Tambayar tana kan hanya. Mu mutanen tudu ne. Idan aka ce mana gandun daji, Yankari ce take faɗo mana a rai, da giwaye da ɓauna da mota mai buɗaɗɗen baya. Gandun da ba shi da hanya sai ta ruwa baƙon abu ne a wurinmu. Amsar kuwa ba ta fita a baki ɗaya, sai mun bi ruwan sannu a hankali.

Kogin da teku ta ci da yaƙi

Kogin da muka saba da shi daga tudu yake kwaso ruwan daɗi ya kai wa teku. Salum ya saɓa wa wannan. Ruwan saman da ke zuba a cikinsa kaɗan ne, ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, babu gangaren kirki. Saboda haka teku ce take kutsowa ciki, ta yi ta tafiya har ta wuce Kaulaha. Rana ta yi ta ƙona ruwan, tururi ya tashi, gishiri ya zauna. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kamar giram 35 a kowace lita, amma a wajen Kaulaha da rani yakan ninka haka. Wato iya nisanka da teku, iya ƙaruwar gishirin. Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980, wanda dattawanmu ba su manta da shi ba, shi ya ƙara dagula lamarin, ya kashe itatuwa masu yawa, ya bar filaye fayau da ba sa fid da ko ciyawa.

A can ƙasa ruwan ya rabu manyan rassa uku, Salum da Diyombos da Banjala, kowanne kuma ya yi 'ya'ya da jikoki, ƙananan mashigai masu lanƙwasa da mutanen wurin ke kira bolon. Tsakaninsu tsibirai ne birjik. A 1976 gwamnatin Senegal ta keɓe hekta 76,000 na wannan yanki ta mai da shi gandun ƙasa. A 1984 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, sannan a 2011 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Mai tasowa daga Kaulaha yakan bi hanyar da ta nufi iyakar Gambiya, ya wuce Sokon, ya sauka a Tubakuta. Daga nan kwale-kwale da yawa suke tashi.

Wata ne ke yanke lokacin tashi

Abu na farko da zai ba baƙo mamaki shi ne, ba shi ne zai zaɓi lokacin tafiya ba. Ka ce wa jagora kana son a tashi da hantsi, sai ya dubi bakin ruwa ya ce a'a, yau sai bayan azahar, ko kuwa gobe da sassafe.

Dalili shi ne teku tana cika tana janyewa sau biyu a kwana guda. Daga wata cikar zuwa wata awa 12 ne da kusan minti 25. Wata ne yake jan ruwan, kuma tunda fitowar wata kullum tana jinkiri da kimanin minti 50, haka cikar teku take jinkiri. Mu da muke lissafin kwanan wata don azumi da salla, wannan ba zai yi mana wuyar ganewa ba. A tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu ruwan yakan cika ƙwarai ya kuma janye ƙwarai, domin a lokacin rana da wata sun haɗa ƙarfi wuri guda. A kwana bakwai da kwana ashirin da biyu kuwa motsin ruwan yakan yi sanyi.

Ga amfanin wannan ga mai yawon kallo. In ruwa ya cika, kwale-kwale zai iya kutsawa cikin matsattsun mashigai, har rassan itatuwa su haɗe a bisa kanka. In ya janye, laka ta bayyana, tsuntsaye da ƙaguwa su fito kiwo, amma mashigan sun zama tarko. Kwale-kwalen da ya yi jinkirin fita zai zauna daram a kan laka, kuma ba mai ɗaga shi sai ruwa ya dawo bayan sa'o'i. Jagoran kirki shi ne wanda zai shigar da kai ciki kan cikar ruwa, ya fito da kai bakin laka daidai lokacin da ruwan ya fara sauka. Mafi yawansu 'ya'yan masunta ne, Sererawan tsibirai da ake kira Nyominka, ko Mandinkawan yankin, waɗanda suka buɗe ido a kan wannan ruwa. Da ɗan gari akan ci gari. Duk mashigan nan kamarsu ɗaya a idon baƙo, kore a dama, kore a hagu, amma shi kowanne yana da suna a bakinsa.

Itacen da ya tsaya kan ƙafafu

Koren da ya rufe gaɓar ruwan wani irin itace ne da ake kira mangurof. Duk da kamar suna, ba shi da haɗi da mangwaro. Iri biyu ne suka fi yawa a nan, kuma kowanne da dabarar da Allah Ya ba shi ta rayuwa a inda sauran itatuwa ke mutuwa.

Na farko yana tsaye ne a bakin ruwa sosai. Saiwoyinsa daga jikin kututture suke fitowa, su lanƙwaso su soki laka, kamar rumbun da aka ɗora bisa ƙafafu don gudun gara. Su ne suke riƙe shi kada igiyar ruwa ta tafi da shi, kuma su ne suke tace ruwan, su hana mafi yawan gishirin shiga. Irinsa ma abin kallo ne. Tun yana jikin uwa yake tsiro, ya yi tsawo kore shar kamar ɗan zogale. In ya faɗo, ko dai ya cake a laka nan take, ko ruwa ya ɗauke shi ya yi ta yawo da shi har ya sami wurin zama.

Na biyun yana can baya, inda ruwa bai cika daɗewa ba kuma gishiri ya fi yawa. Shi yakan sha ruwan da gishirinsa, sannan ya fitar da gishirin ta ganye. Ranar da na shiga wurin, jagoranmu ya miƙa hannu ya tsinko ganye ɗaya ya ba ni, ya yi mini alama in lasa. Bayan ganyen akwai farin ƙura-ƙura, na ɗora a harshe, gishiri ne tsantsa. A gindin itacen kuma ga wasu tsinkaye ɗaruruwa sun ɓullo daga laka tsaye cak kamar fensir. Saiwoyin numfashi ne, domin lakar wurin ba ta da iska a cikinta.

A nan amsar tambayarmu ta fara fitowa. Tsakanin waɗannan saiwoyi babban kifi ba ya iya shiga, tsuntsu ma da ƙyar. Saboda haka nan ne ɗakin renon 'ya'yan kifi da jatan lande. Ganyen da ya faɗo ya ruɓe ya zama abincinsu. Sai sun yi ƙwari su fita teku, inda masunta ke jiransu. Kifin da ake dafa shinkafar nan ta Senegal da shi, da wanda ake ƙyafewa a kai kasuwannin tudu, da yawansa a irin wannan inuwa ya girma.

In an kashe inji

Kwale-kwalen yankin na katako ne, dogo, an yi masa fenti kala-kala, da inji a bayansa. Muddin injin na ruri, abin da za ka gani bayan tsuntsaye ne suna gudu. Kallo na gaske yana farawa ne lokacin da matuƙi ya kashe inji ya ɗauki doguwar sanda yana tura jirgin.

Da farko za ka ce babu komai a kan lakar. Ka yi shiru minti biyu. Sai ka ga ƙasa ta fara motsi. Ƙananan ƙaguwoyi ne dubbai suke fitowa daga ramuka. Namijin yana da hannu ɗaya ƙato, wanda ya kusa kai girman jikinsa, ɗayan kuma ɗan mitsitsi. Da ƙaramin yake ɗibar laka yana kaiwa baki, babban kuwa ɗaga shi yake yi yana kaɗawa, yana kiran mace, yana gargaɗin abokin hamayya. Ka motsa ƙafa a cikin jirgin, kafin ƙiftawar ido duk sun ɓace. Kusa da su ga wani kifi da bai wuce tsawon yatsa ko tafin hannu ba, idanunsa a bisa kai kamar na kwaɗo, yana jan ciki a kan laka da fikafikansa na gaba, wani lokaci har ya hau saiwa ya zauna. Yakan riƙe ruwa a kumatunsa, yana kuma shaƙar iska ta fatarsa muddin tana da danshi. Na daɗe ina kallon wannan halitta, ina tasbihi a zuci. Kifi a tudu, yana harkarsa hankali kwance.

A saiwoyin da ruwa ya janye ya bari, kawa ce manne cunkus. Can gefe zalɓe ya tsaya da ƙafa cikin ruwa, bai ko motsi. Akwai wani ƙaton zalɓe a wannan yanki da tsayinsa ya kusa mita ɗaya da rabi, babu irinsa a girma cikin danginsa duk duniya. Wani lokaci birai su leƙo daga cikin rassa, sun sauko neman ƙaguwa. A manyan rassan ruwa, mai sa'a yakan ga bayan dolfin ya ɓullo ya nutse. Har kura akwai a wasu tsibiran, sai dai sawunta ake gani da safe.

Tudun da aka gina da ɓawo

Ba nisa da Tubakuta akwai wani tsibiri da ake kira Jorom Bumak. Daga nesa za ka hango kukoki manya tsaye a kan tudu, abin da ba a saba gani ba a tsakiyar ruwan gishiri. In ka sauka sai ka ji ƙasa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminka. Ka duƙa ka ɗiba: ɓawon kawa ne da danginta, tun daga sama har ƙasa. Mutanen da ne suka yi ta ɓare abin ruwan nan suna shanya naman, suna zubar da ɓawon wuri ɗaya, iyaye da 'ya'ya da jikoki, har juji ya zama tudu, tudu ya zama tsibiri, kuka ta sami wurin kafa saiwa. An ƙirga irin waɗannan tuddai 218 a yankin, kuma 28 daga cikinsu maƙabartu ne da aka binne mutane da kayansu. Sana'ar ta haura shekara 2,000, kuma busasshen naman hajar fatauci ce da ake kaiwa garuruwan tudu.

Har gobe mata ne ke riƙe da wannan sana'a. In ruwa ya janye za ka gan su a duƙe cikin laka da kwanduna, suna tono. A da wasu kan sare saiwar gaba ɗaya don su kwashi kawar da ke jikinta, itacen ya mutu. Yanzu ƙungiyoyin mata da dama sun koma jera ɓawo a igiya suna ratayewa cikin ruwa, 'ya'yan kawa su manne a kai su girma, saiwa ta tsira. Wasu ƙauyukan kuma sukan rufe wuri na wasu watanni don abin ya hayayyafa.

Baƙin hunturu

Bahaushe ya san shamuwa, ya san zuwanta albishir ne na damina. To tsuntsayen da ke cika bakin Salum daga Nuwamba zuwa Maris su ma matafiya ne, sai dai tasu tafiyar ta fi nisa. Daga arewacin Turai suke tasowa, wasu har daga Saiberiya, su biyo gaɓar teku ta Maroko da Muritaniya, suna gudun sanyi. Akwai wani shaho mai kamun kifi da ke yin sheƙa a ƙasashe irin su Sikotilan da Jamus, ya zo nan ya yi hunturu. Za ka gan shi ya tsaya a iska, sai ya faɗo ruwa da ƙafafu, ya tashi da kifi a farce. 'Yan uwan waɗannan baƙi ne suke ratsa Sahara su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru.

A bakin teku kuma akwai wani ɗan tsibirin yashi da ake kira Tsibirin Tsuntsaye. Nan fararen tsuntsayen teku masu jan baki suke taruwa dubun-dubata su yi ƙwai, gab da faɗuwar damina. Ba sa yin sheƙa, a kan yashi tsirara suke ajiye ƙwan. Idan jirgi ya matso da yawa, ko mutum ya sauka yana ɗaukar hoto, iyayen sukan tashi gaba ɗaya. Minti kaɗan sun isa rana ta dafa ƙwan, ko wasu tsuntsayen su fasa su sha. Don haka in jagora ya tsaya nesa ya ƙi matsawa, kada ka ga kamar ya rage maka kallo, kada kuma ka yi masa tayin ƙarin kuɗi. A ganina duk jagoran da ya yarda ya kai ka tsakiyar masu kwanci don ya faranta maka, bai cancanci a sake shiga jirginsa ba.

Wanda ba shi da lokacin zuwa can, ya nemi a kai shi makwancin tsuntsaye da ke kusa da Tubakuta gab da magariba. Wani ɗan kurmi ne a tsakiyar ruwa. Balbelu da danginsu suna tahowa ayari-ayari daga kowace kusurwa, suna sauka, har koren itacen ya koma fari.

Ayu

Akwai dabba ɗaya da kusan kowane Bahaushe ya san sunanta amma kaɗan ne suka taɓa ganinta. Ayu yana zaune a wannan ruwa, kamar yadda yake a Kwara da Binuwai. Ba kifi ba ne. Iska yake shaƙa, ciyawa da ganye yake ci, uwar tana shayar da ɗanta nono. Takan yi kusan shekara da ciki, ta haifi ɗa guda, sannan ta daɗe kafin ta sake. Dabbar da haihuwarta ke da wannan jinkiri ba ta jure farauta, shi ya sa tun 2013 aka haramta cinikin ayu da sassan jikinsa tsakanin ƙasashe. Da wuya ka gan shi a yawon wuni ɗaya, iyaka a nuna maka inda yakan zo shan ruwan daɗi da ke ɓuɓɓugowa. Amma ina roƙon mai karatu ya tuna da wannan duk ranar da aka yi masa tallar man ayu a kasuwa. In na gaske ne, an kashe dabbar da ta kusa ƙarewa. In na jabu ne, an cuce shi.

Ina kuɗinka yake zuwa?

A mashigin Bambun, ƙauyuka 14 sun haɗa kai da wata ƙungiyar kare muhalli ta Dakar mai suna Oceanium, suka rufe wurin ga kamun kifi a 2003, gwamnati ta tabbatar da shi a doka a 2004. Matasan ƙauyukan ne suke gadi. Aka kuma gina masaukin baƙi na bukkoki, abin da aka samu a biya masu gadi da shi, a taimaki ƙauyukan. Masu binciken da suka bi diddigin wurin sun ga manyan kifaye sun dawo. Wannan ya nuna cewa kuɗin mai yawon kallo yana iya zama albashin wanda ke tsare ruwan. Saboda haka ka tambaya kafin ka biya: jagoran ɗan yankin ne? An yanki takardar shiga gandu? In ka ga matan ƙauye na sayar da busasshiyar kawa ko zumar da aka ɗebo daga kurmin, ka saya hannunsu.

Sai maganar rai. Mun sha jin labarin kifewar jiragen ruwa a Neja da Kebbi da Kwara, kuma kusan kullum dalilan ba sa canzawa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, rashin rigar ceto. Salum ma ta ɗanɗana. A 2017 wani kwale-kwale ya kife kusa da tsibirin Betenti, mata kimanin 20 masu sana'ar kawa suka rasu. Kada ka taka jirgin da babu rigar ceto ta kowa da kowa, kuma ka sa taka ka ɗaure, ba ka zauna a kanta ba. Ka riƙi ruwan sha mai yawa da malafa, domin ranar kan ruwa ta sama da ta ƙasa take dukan mutum. Ka gaya wa jagora tun farko cewa za ku tsaya salla, ya san tsibirin da ke da busasshiyar ƙasa. In ba ka jin Faransanci ko Wolof, ka taho da wani daga cikin ɗaliban Madina Baye, unguwar Shehu a Kaulaha, ya yi maka tafinta, don rabin daɗin tafiyar yana cikin abin da jagoran ke faɗa.

Abin da ke tafe

Wurin nan ba a zaune yake lafiya lau ba. A Fabrairun 1987 wata guguwar teku ta fasa dogon zirin yashin Sangomar da ke kare bakin kogin, ɓarakar ta yi ta faɗi, teku tana cin gaɓar ƙauyuka irin su Jifer. A 2024 kuma Senegal ta fara haƙo man fetur a cikin teku, a rijiyoyin da aka raɗa wa sunan Sangomar ɗin, kuma masunta da matan kawa na yankin suna bin lamarin da ido.

Mu a Najeriya mun riga su sanin abin da ɗanyen mai ke yi wa saiwar da ke numfashi. Kurmin mangurof mafi girma a duk Afirka yana Neja Delta ne, kuma a 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ɓarnar mai a ƙasar Ogoni da ke can. Can za mu nufa a babi na gaba. Mai karatu ya riƙe hoton wannan laka mai motsi da ƙaguwa a ransa, domin zai buƙace shi idan muka shiga mashigan Bodo na ƙasar Ogoni.